Gatarin da Duarte Ya Mayar

"Wannan ne?"

Abin da Baba ya fara faɗa ke nan, ko sannu da zuwa babu. Ya kama hannun Duarte yana juya tafin kamar mai tayin kifi a kasuwa.

Na yi sauri na ce:

"Baba, Duarte ke nan... ma'aikacin jinya ne a Lisbon, ai na gaya maka a waya."

"Na ji. Hannun nan ko kaza ya taɓa yankawa?"

"Haba Anselmo, ka bar yaro ya zauna mana!" Mama ta ɗaga murya daga madafa. "Awa uku ya yi a mota, ka tare shi a ƙofa sai ka ce ɗan sanda."

Duarte dai murmushi kawai yake, kunnuwansa sun yi ja. Shekara biyu muna son juna, sai yau na kawo shi ƙauyenmu. Ni kaɗai iyayena suka haifa, kuma tun farko na gaya masa ba zan yi aure ba sai Baba ya ce to. Idan ya ce a'a, ban san yadda zan yi da raina ba, don ina son mutumin nan har cikin ƙashina.

Muna cikin shan miyar burodi mai tafarnuwa da ƙwai sai ga Valdemar ya faɗo gidan. Ɗan maƙwabcinmu ne, wanda mutanen ƙauye suka gama ɗaura mana aure a baki tun muna firamare, ba tare da an tambaye ni ba. A yankinmu kaf, in ka cire Baba, babu mai saɓule ɓawon sobreiro, itacen da ake yin murfin kwalba da ɓawonsa, kamarsa, kuma ya san da haka.

"A'a, baƙon Benedita ne? Sannu ɗan birni!" Ya bubbuga kafaɗar Duarte yana washe baki. "Gobe ka biyo mu daji ka ga inda murfin kwalba yake fitowa. Ko Kawu Anselmo?"

"Ya zo," in ji Baba, bai ko ɗago kai daga kwano ba.

Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Valdemar da fara'a? Tab!

Da na raka Duarte ɗakin baƙi na riƙo rigarsa.

"Masoyina, don Allah gobe ka yi hankali da shi."

"Dita, kwantar da hankalinki. Mahaifinki ne dai yake tsorata ni, girarsa kaɗai ta isa."

"Kai ko!" Na kai masa duka ina dariya.

Da sassafe muka fita, don a watan Yuni kafin tsakar rana ƙasa ta zama tanda. Maza suna gaba bibbiyu da gatura, suna tsaga ɓawon su ɓamɓaro shi falle-falle, itacen ya tsaya tsirara jajur. Mu mata, har da Mama, muna biye da farin fenti muna rubuta lambar shekara a jikinsa, don a san ba za a sake taɓa shi ba sai bayan shekara tara. Duarte kuwa dako aka ba shi, yana kai ɓawo wurin tarakta.

Wayyo masoyina! Sau biyu yana zubar da kaya, cinnaku suka shige masa riga ya dinga tsalle, mata suna ta sheƙa dariya. Amma bai zauna ba, bai yi ƙorafi ba. Duk wucewar da zai yi sai ya kashe mini ido.

Ƙarfe goma muka zauna cin burodi da cuku a gindin Tsohuwa, babban itacen da kakan Baba ya rena da hannunsa. Ita ce ta rage ba a saɓule ba. Nan Valdemar ya miƙe da gatarinsa.

"Ɗan birni, ai ba ka zo ka koma haka ba. Ungo, sara ɗaya kawai. Nuna wa Kawu Anselmo kai namiji ne."

Fenti ya kusa suɓuce mini. Kowa a wurin ya san in gatari ya zarce ɓawo ya taɓa naman itace, tabon ba ya ɓacewa, wani ma daga nan yake fara mutuwa. Kan irin wannan Baba ya taɓa korar ɗan ƙanensa daga aiki. In Duarte ya sara, ya kashe kansa a wurin Baba. In ya ƙi, sunansa matsoraci har ƙarshen duniya.

"Duarte, kar..."

"Benedita, bakinki," Baba ya katse ni, yana yankan cukunsa.

Duarte ya karɓi gatarin.

Na runtse ido, na sake buɗewa.

Ya je gaban Tsohuwa ya ɗora tafinsa a jikinta, ya daɗe yana kallonta har sama. Sannan ya juyo.

"Valdemar, shekara nawa ka yi kana koyo kafin a bar ka ka sari itace?"

"Biyar. Me ya kawo wannan?"

"Ni jiya na zo." Ya miƙa masa gatarin ta ƙota. "A wurin aikinmu, wanda bai iya ba ba ya ɗaukar wuƙa, ko da za a yi masa dariya. Ku yi dariyarku, na yarda. Amma ba zan ji mata ciwo ba."

Valdemar ya kece da dariya, biyu-uku suka taya shi.

"Kawu Anselmo, ka gani ko? Tsoro! Wannan za ka ba 'yarka?"

Baba ya naɗe wuƙarsa ya sa a aljihu, ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa.

"Valdemar, itacen wa ka ba shi ya gwada hannu?"

"Kawu, ai wasa ne..."

"Wasa? Shekara goma sha biyu kana aiki da ni, ka ɗauki itacen kakana ka miƙa wa sabon hannu don a yi dariya. Shi kwanansa ɗaya, ya ji tausayinta. Ajiye gatarin nan. Yau kai ne ɗan dako."

Dariya ta juya kan Valdemar, har da masu tafi. Dama an ce in za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere.

Baba ya juyo kan Duarte yana harararsa daga sama har ƙasa.

"Kai kuma ɗaukar kayanka ba fasali. Tafiya kake kamar agwagwa."

"Haka ne, yallaɓai."

"Daina ce mini yallaɓai, ni ba gwamna ba ne. Ranar Lahadi bayan coci ka tsaya, ku ga Fada kai da ita kan maganar aure." Ya waiwaya wajen Mama. "Custódia, wane wata ya fi?"

"Satumba!" Mama ta faɗa tun bai rufe baki ba. "Ni tun jiya na zaɓi ragon!"

Ban san lokacin da na ƙwalla ihu ba. Na ruga na rungume Baba da hannuna duk fenti, ina kuka ina dariya, yana ture ni yana cewa na ɓata masa riga, alhali idonsa shi ma ya ciko. Mata suka ɓarke da waƙa. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Duarte ya matso kusa da ni, fuskarsa sharkaf da gumi, ya raɗa mini a kunne:

"Dita, hasken raina... riƙe ni, wallahi ƙafafuna rawa suke."

Na riƙe shi gam a gaban Baba da kowa, kuma babu wanda ya ce in sake shi.