Don Kada Sunan Calvert Ya Mutu

Auren Hazel Calvert da Alec Sunter ya watse ana saura kwanaki a ɗaura, kuma ba rashin so ne ya watsa shi ba. Suna ne.

Hazel 'yar Joss Calvert ce, mai gonar shanun nan da ke saman kwari a arewacin Yorkshire ta ƙasar Ingila, daidai inda kwalta ta ƙare. Alec kuwa direban motar madara ne, kullum da safe shi ke hawowa ya kwashi garewanin madarar gidan. A bakin ƙofar gonar aka fara da gaisuwa, aka koma tsokana, aka ƙare da zobe.

Sun yi gaggawa, ba abin ɓoyewa ba ne. Ciki ya riga aure. A kwarin nan ba a kansu aka fara ba, maganin ma sananne ne: Rabaran ya karanta sanarwar aure a coci Lahadi uku a jere, a ɗaura kafin riga ta matse, tsofaffin mata su yi lissafinsu da yatsu su kama bakinsu.

An karanta ta farko lafiya. Washegari Hazel ta iske ubanta a ɗakin maruƙa, ya tsoma yatsu cikin bokitin madara yana koya wa wani jan ɗan maraƙi sha. Bai ɗago ba ya ce,

"In an ɗaura, wa za ki zama?"

"Matar Alec mana, Baba."

"Sunan nake tambaya."

"Hazel Sunter."

"Abin cikin fa?"

Bai jira amsarta ba.

"Sunter," in ji shi, kamar ya tauna tsakuwa. "Shi kenan. An rufe gidanmu."

Yayanta Robin ne ya kamata ya riƙe sunan. Babur ya zame da shi a kan ƙanƙara shekarar da ta wuce, aka kawo gawarsa a bayan tarakta. Tun ranar Joss bai sake yin dariya ba. Uwarsu ta daɗe da rasuwa. Daga shi sai Hazel.

"Kin dai san ma'anar Calvert..."

"Mai kiwon maruƙa. Na sani, Baba, ka faɗa mini sau ba adadi."

"Ki sake ji! Zamanin da mutum suna ɗaya gare shi, akwai wani kakanmu da ke tsaron maruƙan mai ƙasa. Ana ce masa wane mai maruƙa, da Turancin wancan zamani. Ɗansa ya gaji aikin, ya gaji kiran, har baki ya cinye kalmar ta koma Calvert. Akwai masu sunan a birni suna sayar da takalma, ba su san ta ina ake kama maraƙi ba. Mu ne muka riƙe sunan da aikinsa! A kaina zai mutu, Hazel? A kaina?"

Idonsa ya kawo ruwa. Ranar jana'izar Robin ma ba ta ga haka ba.

Da safe ta tari Alec a bakin ƙofa, yana jibga garewani a mota yana fito.

"Amaryata! Ya kika fito fuska kamar madarar jiya?"

"Alec, wata alfarma zan roƙa."

"Faɗi, zuciyata. In watan sama kike so in ciro miki, bari in sauke madarar nan tukun."

"Ka ɗauki sunanmu... in an ɗaura, ka zama Calvert."

Ya kwashe da dariya har da dukan ƙofar mota. Da ya ga ba ta yi ba, ya tsaya.

"Da gaske kike? Ni? In shiga mashaya su miƙe su ce ga matar Hazel ta iso? Su saya mini ɗan kwali?"

"Suna ne kawai!"

"In suna ne kawai, me ya hana tsohon ya haƙura? Ni ma da ubana aka haife ni, Hazel, ba a cikin garwa aka tsince ni ba."

"To yaron kaɗai..."

"Ɗana ya amsa sunan wani ina raye? Haba, masoyiya! Zan yi masa tatsa, zan kwashe masa kashin shanu har in tsufa, amma wannan kam a'a."

Ya sumbaci goshinta ya ja mota. A ganinsa magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Joss ya daina cin abinci. Hazel ta gasa masa nama da dankali, ya ture. Ta haɗa shayi, ya huce a gabansa. Aka karanta sanarwa ta biyu, bai je cocin ba. A tsakiyar makon ta same shi zaune a ɗakin Robin, rigar sanyin mamacin a kan cinyarsa.

"Akwai hanya guda," ya ce da dusasshiyar murya.

"Wacce, Baba?"

"Ɗan da aka haifa uwarsa ba ta da aure, sunan gidan uwarsa yake ɗauka."

Hazel ta ja da baya.

"Baba! Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Ban ce ki fasa ba. Ɗagawa za a yi. Ki haihu, a rubuta shi Calvert, washegari ma ki aure shi, ni zan kai ki gaban Rabaran da hannuna."

"Kai da a da ba ka fashin coci? Kai ne kake so jikanka ya zo duniya a haka?"

"Surutun mutane na shekara ɗaya ne. Sunan fa?"

Sai tsohon nan, wanda bai taɓa cewa don Allah ga kowa ba, ya zamo daga kan gado ya durƙusa a gaban 'yar cikinsa, ya kama gefen siket ɗinta.

"Ki taimake ni, 'yata... ba ni da kowa... ba ni da komai sai ke..."

"Tashi, Baba! Don Allah ka tashi!"

"Sai kin ce to."

Ta ce to.

A nan ta yi kuskuren. Da ta faɗa wa Alec baki da baki, da an yi faɗa, an yi kuka, wataƙila an shirya. Tsoro ya hana ta. Kullum ta ce gobe. Ranar Asabar ta lallaɓa gidan Rabaran ta ce ya dakatar da sanarwa ta uku. Ya tambaye ta ko angon ya sani. Ta ce ya sani.

Ranar Lahadi Alec ya zo da sabuwar kwat, gashi ya sha mai, da uwarsa a gefensa da hularta ta biki. Abokansa direbobi sun cika bencin baya, sun zo jin an karanta sunan mutuminsu karo na ƙarshe. Ya waiwayo ya kashe wa Hazel ido ɗaya. Ita kuwa ta kau da kai.

Rabaran ya zo wurin sanarwa. Ya faɗi ranar kasuwar coci. Ya roƙi addu'a ga marasa lafiya. Ya rufe littafi ya kira waƙa.

Cocin ya yi tsit kafin kiɗa ya tashi. Kawuna suka fara juyawa. Wani daga baya ya ce, "Rabaran ya manta da ango!" aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

A waje, tsakanin kaburburan harabar cocin, Alec ya cim mata.

"Me ke nan, Hazel? Mantuwa ya yi?"

"Ni na ce ya dakata..."

"Ke?"

"Ɗagawa ce kawai, Alec, wallahi ɗagawa ce! Sai na haihu... watanni kaɗan ne..."

Ya dube ta, ya dubi Joss da ke tsaye can nesa ya dafa dutsen kabarin Robin. Layi guda na duwatsu, kowanne Calvert. Alec ba wawa ba ne. Nan take ya gane.

"Don a rubuta shi da sunanku."

"Ka saurare ni, abin ƙaunata..."

"Kada ki kira ni haka! Mun yi aji da wani yaro mai amsa sunan gidan uwarsa. Na san abin da ake kiransa a filin wasa, don har da bakina ake kira. Shi kike so a kira ɗana? Saboda wani mai tsaron maruƙa da ya ruɓe tun kafin a gina cocin nan?"

"Baba zai mutu, Alec! Ba ya ci, ba ya sha!"

"Ni kuma ki zaunar da ni gaban uwata da duk gari kamar sakarai, ina jiran a kira sunana?"

"Na kasa faɗa maka... na ji tsoro..."

Ya kama hannuwanta biyu.

"Rabaran bai tuɓe rigarsa ba. Mutane ba su watse ba. Zo mu koma yanzu, ki ce ya karanta. Zan manta komai, na rantse, ko da wasa ba zan sake tayar da maganar ba. Zo, Hazel ɗina. Taku kaɗan ne."

Ta ɗaga ƙafa. Allah ya sani ta ɗaga. Sai ta ji muryar ubanta, ba da ƙarfi ba.

"Hazel..."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ta tsaya. Hawaye na zuba har cikin bakinta.

"Ka jira ni, Alec... don Allah ka jira ni..."

Ya saki hannuwanta a hankali. Ya je ya kama uwarsa suka fita ta ƙaramar ƙofa.

Washegari wani direba dabam ya zo ɗaukar madara, mutum mai tumbi da ba ya gaisuwa. Hazel ta sauka gari, aka ce Alec ya ajiye aiki ya tafi Liverpool. Ta aika saƙo ta bakin abokansa, ba amsa. Kullum da safe tana bakin ƙofa da cikinta, ko zai huce ya hawo. Joss kuwa ya koma cin abinci.

Ta haihu lokacin yankan ciyawa. Namiji. Da ƙafarta ta yi ƙwari ta naɗe shi a bargo ta tafi gidan su Alec. Uwarsa ta buɗe ƙofa rabi.

"Mama, ga shi... ki duba hancinsa, na Alec ne sak! Ki faɗa masa na shirya, yau ma in yana so..."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon jaririn. Ba ta miƙa hannu ba.

"Jirgin da ya hau ya tashi tun watan jiya. Australiya. Ya ce kada in ba ki adireshi, ni ma ban ce zan ba ki ba."

"Mama, jikanki ne!"

"Jikan Joss Calvert ne. Ba haka kuka so ba?"

Ta rufe ƙofa.

A ofishin rajistar haihuwa, Joss ya karɓi yaron ya zauna da shi a benci, yana nuna wa duk wanda ya wuce. Hazel ta shiga ita kaɗai. Ma'aikaciyar ta tambayi sunan yaro, ta ce Alec. Ta tambayi sunan uwa, ta faɗa.

"Uban fa?"

"Alec Sunter."

"Kuna da aure?"

"A'a."

"To sai ya zo da kansa kafin in sa shi. Yana waje?"

Hazel ta girgiza kai. Matar ta jira kaɗan, sannan ta ɗora alƙalami a gurbin uba ta ja layi.

Da ta fito, Joss ya miƙe tsaye, fuskarsa kamar an kunna fitila.

"An rubuta? Calvert?"

"Calvert, Baba."

Ya ɗaga yaron sama yana dariya, dariyar farko tun mutuwar Robin. Hazel ta zauna a inda ya tashi, ta kifa kanta a gwiwa.

Joss ya samu abin da yake so. Hazel ta biya da miji. Yaron ya biya da uba, shi da ba wanda ya tambaye shi.