Ƙaramin Batirin Ɗayyabu

A kan rufin wani sito a Hunkuyi batirin Ɗayyabu ya mutu. Rana ta take, kwano ya ɗauki zafi, sukuru ya shiga rabi ya tsaya. Ya danna injin hudar, injin ya yi gurnani ya yi shiru. Ya sauko ya tambayi inda ake caji, aka nuna masa shagon Malam Iliyasu mai sola, bayan kasuwar hatsi.

Ba Malam ya fara gani ba. Wata budurwa ya gani a bayan kanta tana jera wayoyin mutane. Ta ɗago ta amsa sallamarsa, shi kuwa ya manta abin da ya kawo shi.

"Malam, caji ne ko kallon shago?"

"Caji ne."

Ta karɓi batirin, ta juya shi ta duba rubutun jikinsa. "Mai biyu ne. Ba zai jima ba. Zauna."

Ya zauna a benci. Daga ƙarƙashin dalbejiya wani dattijo ya yi gyaran murya. Shi ne Malam Iliyasu, tsohon mai gyaran rediyo, mahaifin yarinyar. Ɗayyabu ya je ya durƙusa ya gaishe shi.

"Daga ina?"

"Daga Janfalan, Baba. Kafinta ne ni, bugun kwano nake yi."

"To ka ji dokar wurin nan. Benci na mai jiran caji ne. Fitilar caja ta yi kore, ka ɗauki kayanka ka ba wani wuri. Nan ba majalisa ba ce."

Kafin fitilar ta yi kore, abu biyu kawai ya samu: sunanta Juwairiyya, kuma idan za ta yi dariya sai ta kalli ƙasa. Lambar waya kuwa a jikin allon shagon take, bai roƙi kowa ba.

Da yamma ya rubuta mata: "Salamu alaikum. Kafintan ɗazu ne. Batirina ya gode, mai batirin ma ya gode."

Ta amsa: "Wa alaikumus salam, Mai Biyu. A gaishe da batirin."

Sunan nan ya bi shi.

Tun daga ranar batirin Ɗayyabu ya koyi mutuwa kullum. In aiki bai cinye shi ba, sai ya tsaya a bayan masallaci ya yi ta danna injin a iska har ya ƙare, sannan ya nufi shago da fuskar mai takaici. Amma ina amfani? Kafin a gama gaisuwa da tambayar mutanen gida, a taɓa hira kaɗan, sai fitila ta yi kore, Malam ya yi gyaran murya.

Akwai wani kuma da yake zuwa. Huzaifa, mai haɗa tagogin alminiyam a Makarfi, ɗan aminin Malam ne. Batirinsa ƙato ne, kamar bulo. In ya miƙa shi bayan azahar, sai ya miƙe ƙafa a benci har a kira la'asar. Ya yi hira da Malam, ya jefa wa Juwairiyya magana, ya sha ruwa, ya ƙara miƙe ƙafa. Ɗayyabu ya zo ya same shi, ya tafi ya bar shi.

Da Ɗayyabu ya turo kawunsa ya ji ta bakin Malam kan maganar aure, amsar ba ta yi tsawo ba.

"Yaron nan ban san shi ba. Yana zuwa kamar an koro shi, yana tafiya kamar ana kiransa. Huzaifa kuwa na zauna da shi, na san ubansa. Bayan girbi zan yanke magana."

Ɗayyabu ya kwana da abin a ransa. Ya ga cewa ba Huzaifa ne ya fi shi ba, batirin Huzaifa ne ya fi nasa.

Ranar kasuwar Makarfi ya tsaya gaban wani mai baza kayan lantarki a tabarma. Ya ga wani batir ja, mai sheƙi, an rubuta masa 98V da manyan baƙaƙe. Nasa 18V ne. Na Huzaifa ma ya taɓa leƙawa, 20V ne kacal.

"Wannan zai hau injina?"

"Zai hau, har ya yi godiya," in ji mai kayan.

Washegari ya shiga shago da ƙarfinsa, ya ajiye batirin a kanta yadda Huzaifa zai gani. Juwairiyya ta ɗauka. Ta ɗaga shi sama, ta sauke, ta sake ɗagawa. Sai ta kalli ƙasa.

"Mai Biyu, wa ya sayar maka da gwangwani?"

"Gwangwani? Karanta mana. Casa'in da takwas!"

"Riƙe shi a dama, ka riƙe tsohon a hagu. Wanne ya fi nauyi?"

Tsohon ya fi nauyi. Ya ajiye su a kanta.

Ta rage murya, amma benci ba shi da nisa. "Wannan V ɗin ƙarfin turawa ne, kamar ƙarfin ruwa a bakin famfo. Injinka na sha takwas ne, duk batirin da ya hau shi sha takwas ne, ko me aka rubuta a bayansa. Mai ashirin ma ɗan'uwansa ne. Wani kamfani yana aunawa lokacin da aka cire shi daga caji, wani yana aunawa lokacin da yake aiki. Girman randar kuwa, ga shi nan a ƙasa, inda aka sa Ah. Naka biyu, na Huzaifa shida. In kuma ƙarfinsu ya bambanta, sai ka ninka V da Ah, abin da ya fito shi za ka gwada da na ɗayan. Wannan jan ko Ah ɗin ba su rubuta ba, kunya ta hana su."

Ta sa shi a caji duk da haka. Huzaifa bai gama dariya ba fitila ta yi kore.

"Kafinta," in ji Huzaifa, "ka ajiye shi da kyau. In an yi haihuwa a gidanku, abin wasa ya samu."

Malam ya yi gyaran murya. Ɗayyabu ya kwashi kayansa.

Ya daina zuwa. Ya koma kai cajinsa wani gidan mai a bakin titi. Cewa yake yi a ransa, yarinyar da ta tsinka shi gaban abokin takararsa ta riga ta zaɓa. Aiki ya daina yi masa daɗi. Har yatsa ya kusa hudawa.

Ran nan yana kan tsani saƙo ya shigo: "Mai Biyu, fushi kake yi da ni ko da gwangwanin?"

Ya rubuta: "Kin gaya min girman randata a gaban mutane. Na ji. Mai shida ya zauna lafiya."

Ta amsa: "Ni batir na auna, ban auna mutum ba. Da ban damu da kai ba, da na bar ka ka hau rufi da shi ya mutu maka a sama. Gobe ka kawo tsohon. Kada ka tambaye ni komai."

Ya karanta ya sake karantawa, sannan ya rubuta: "To, Juwaina. Ko babu caji a duniya zan zo."

"Ka dai zo da batirin. Baba yana nan."

Ya je. Ta karɓi tsohon batirin ta kai bayan kanta. Ya zauna a bakin benci, a shirye ya tashi. Aka gama gaisuwa, fitila ja. Aka yi hirar damina da farashin masara, fitila ja. Malam ya tambaye shi yadda ake hana kwano yoyo, ya yi bayani har da zane a ƙasa, fitila ja. Da aka kira la'asar shi ya zuba wa Malam ruwa a buta, suka tafi masallaci tare.

Haka aka yi ta yi. Ɗayyabu ya ɗauka batirin ne ya tsufa, ya yi ta yi masa addu'ar ƙarin tsufa. Cikin zaman nan ya gyara ƙafar bencin da ke rawa, ba a sa shi ba. Malam yana gani. Huzaifa kuwa zamansa ya riƙa raguwa. Da ya miƙe ƙafa sai Juwairiyya ta ce, "Yaya Huzaifa, naka ya cika."

Wata Asabar Huzaifa ya gaji. Ya zo ya tarar da Ɗayyabu a zaune, ga shi kuma an ce ya tashi ya bar shi a zaune.

"Baba, a duba min wannan abu. Ya riga ni zuwa, nasa ƙarami, amma kullum nawa ke riga cika."

Malam ya tashi a hankali. Rabonsa da shiga bayan kanta an jima. Ya shiga, ya bi wayoyi da hannu. Batirin Huzaifa yana kan sabuwar caja mai fanka, wadda ake ajiyewa don masu gaggawa. Na Ɗayyabu kuwa yana kan wata tsohuwar caja da Malam da kansa ya jefa a kwali tun bara, saboda ɗigo take yi kamar famfon da ya toshe.

Ya dubi 'yarsa. Ta sunkuyar da kai.

"Mai shida ba ya riga mai biyu cika," in ji Malam, "sai in an sa hannu."

Ya juya wajen Ɗayyabu.

"Kai kafinta, ka san da wannan?"

"Wallahi ban sani ba, Baba. Amma da na sani ma, ba na jin zan iya cewa a cire."

"Ku tafi, ku duka biyun. Ke kuma rufe shagon."

Ɗayyabu ya tafi. Ya tura saƙo: "Juwaina, in an yi miki faɗa, a kaina ne. Ki yafe min." Shiru. Washegari ma shiru. Girbi ya matso, an fara karya masara a gonakin bakin hanya, shi kuwa ko abinci ba ya jin ɗanɗanonsa.

Sai ga kira, da muryar Malam: "Ka zo."

A zaure ya same shi. Ya durƙusa, gaisuwar ma a rikice ta fito.

"Jiya na je Janfalan," in ji Malam. "Na ga limaminku, na ga mutanen da ka yi wa rufi. Ba wanda ya ce ɗakinsa na yoyo. Ba wanda ya ce ka ɗauke masa ko ƙusa."

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Na yi mata faɗa, don ta yi min wasa da kayan sana'a. Wannan daban. Amma ni ba zan ba da 'yata ga mutumin da take gaggawar sallama ba. Na je na gaya wa uban Huzaifa da bakina. Bai ji daɗi ba. Zai huce." Ya gyara hularsa. "Ka turo manyanka. Kuma ka sayi batirin kirki, mai iyali ba ya aiki da mai biyu."

Ɗayyabu ya duƙa ya yi godiya. Daga cikin gida ya ji Inna Zulai, mahaifiyar Juwairiyya, ta saki guɗa tun ba a ba ta izini ba.

Kafin ya kai bakin titi saƙo ya shigo: "Baba ya dawo min da wayata. Ka ci abinci, an ce ka rame."

Ya amsa: "Wa ya ce?"

"Ni na leƙa ta taga, angona."

Bayan an kai amfani gida aka ɗaura aure a masallacin unguwa, ranar Juma'a. Mutanen Janfalan suka cika mota biyu, kafintoci suka zo da fararen kaya kamar ba su taɓa riƙe guduma ba. Uban Huzaifa ya zo, shi ne ma ya raba goro. Huzaifa ya aiko da taga sabuwa, ya ce a sa a ɗakin amarya.

Da za a tafi da ita, Juwairiyya ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Malam Iliyasu ba mai dogon zance ba ne, ranar ma bai sake hali ba. Ya ɗora hannu a kanta, ya kira ango ya matso.

"Ga ta nan. Ba ta taɓa kwana da yunwa a gidana ba, ba a taɓa zaginta ba. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, su fi uwarsu."

Mata suka kwashe da dariya, amarya ma ta yi tata cikin mayafi. Aka ce amin, aka shafa. Malam ya juya ya shiga zaure da sauri yana goge ido, ya ce turaren wutan matan nan ya cika hayaƙi.