Kwana Uku a Bakin Malahi

"A wajen lilo?"

Gwaggo Kulu ta tsaya da ludayi a hannu, miya na ɗiga a kan tayil.

"A otal ɗin da ke bakin ƙofar wajen, Gwaggo," in ji Hassumi. "Ba a kan lilon zan kwana ba."

"Amarya guda. Ranar Juma'a a ɗaura, ranar Lahadi ki kwashi mijinki ku tafi inda yara ke ihu."

"Kwana uku ne kawai..."

"Ko na awa uku ne."

A bakin ƙofar kicin Humaira ce tsaye tana duban farcenta. Ɗalibar da ke haya a ɗaki ɗaya da Hassumi ce, kuma ita ta tsinci takardar da Hassumi ta rubuta tsarin tafiyar a ciki. Ta ce a ƙasa ta gan ta. Ƙasar nan kuwa cikin jakar Hassumi take, a aljihu mai zif. Kowa a Hayyin Ashir, unguwarsu a Alƙahira, ya san tun kafin ango Nafi'u ya fara gaida Hassumi, Humaira ke kai masa tambayoyin fiƙihu waɗanda ta riga ta san amsarsu.

Matsalar mai sauƙi ce, manya ne suka ba ta nauyi. Gidan da Nafi'u ya kama ba zai zama fanko ba sai ranar Laraba, shi kuwa a yanzu da ɗalibai biyar yake kwana. Shawarar Gwaggo ita ce amarya ta zauna a gidanta kwana bakwai cur, kamar yadda ake yi a Maraɗi, ba ta leƙa ko baranda, ango ya riƙa zuwa falo yana gaishe ta.

Shawarar Hassumi na cikin takardar.

Shekara shida tana renon yaran wani ma'aikacin jakadanci a Dokki. Duk hutu ita ke kai su malahi, filin wasannin nan da ke can Sitta Oktoba, bayan gari. Ta san wajen fiye da masu gadinsa. Ta san Juma'a da Asabar layi kaɗai mutum zai hau. Ta san wuni ɗaya yaudara ce: awa biyu a ƙaramar bas ɗin da ake kira mikrobas, ka isa da rana tsaka, kafin ka hau abu uku an kira la'asar. Ta san wane layi ke gajarta bayan azahar, da inda masallacin mata yake.

Abu ɗaya ne ba ta sani ba. Ba ta taɓa hawa komai ba.

Ita ce mai tsayuwa a ƙasa, da jakunkuna huɗu da takalman yara, tana ɗaga musu hannu.

"Na kira babanki," in ji Gwaggo. "Ya ce magana na hannun Malam Harun, tunda shi ne wakilinsa. In kin kafe, a ɗaga auren sai kin yi hankali."

"A ɗaga."

"Me kika ce?"

"Na ce a ɗaga, Gwaggo. Hankalin nan dai shi ke gare ni, ba wani a ajiye."

Washegari da hantsi Nafi'u ya same ta a wata majalisar shayi ta 'yan Sudan, kusa da tashar mota. Dogo ne, siriri, yana rubuta digirinsa na uku a usulul fiƙihu, kuma ko tsallaka titi zai yi sai ya duba ra'ayin malamai biyu.

"Habibti..."

"Na'am, Ustaz."

Ya san in ta ce Ustaz akwai magana.

"Hoton takardarki na yawo a wayoyin mutane. Jiya ina karantarwa wani ɗalibi ya tambaye ni hukuncin sallar wanda kansa ke juyawa. Ajin gaba ɗaya ya yi dariya."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ya zauna sai jirin ya wuce." Ya goge gilashinsa. "Hassumi, ga mafita. Ki yi kwana bakwai ɗin a gidan Gwaggo. Bayan wata guda mu tafi da sassafe, mu dawo da magariba. Ba wanda zai sani."

"Ba wanda zai sani."

"Ko mutum ɗaya."

"Sata zan yi?"

"Ba haka nake nufi ba, hasken raina..."

"Wuni ɗaya na sha yi, Nafi'u. Sau nawa ma. Na yi shi da goyo, na yi shi da jaka, na yi shi ina azumi. Ba wuni ɗaya nake so ba. So nake in farka, in buɗe labule, in ga wajen, in ce yau ba na sauri. Ba mai ce min Hassumi riƙe wannan, Hassumi lokaci ya yi."

"Na fahimta."

"Ba ka fahimta ba. Ranar da na nuna maka takardar ka ce tamam, ya yi daidai. Har ka ce a nemi ɗaki mai kallon fili."

"A lokacin mu biyu ne."

"Auren ma mu biyu ne."

Ya shiga juya kofin shayi. Mu maza mun iya irin wannan dabarar. Mukan ɗauka zurfin tunani ake gani a fuskarmu, alhali ita matar tana kallon mutum ne yana neman ƙofar gudu.

Hassumi ta miƙe ta gyara hijabinta.

"Gobe bayan azahar Malam Harun ya kira mu. Ba zan roƙe ka ba. In kwana uku sun fi ƙarfinka a gaban mutane, gara in sani yanzu, kafin a miƙa maka sauran kwanakina."

"Hassumi..."

"Ma'alish, ba komai. Shayinka ya huce."

Ta tafi ba ta waiwaya ba. Sai da ta shiga mikrobas ta manna fuska a taga, sannan ta bar hawayen suka yi abin da suka ga dama. Tana sonsa. Abin haushin ke nan. Tana son yadda yake karanta mata saƙonta da ƙarfi don ya gyara alamar tambaya, da yadda yake tafiya ta gefen mota in suna kan titi, ko da yake shi ya fi ta tsoron motar.

Falon Malam Harun ya cika da littattafai har mutane sun zama baƙi a cikinsa. Dattijo ne da ya shekara talatin a Alƙahira, ya ɗaura auren rabin unguwar. Gwaggo Kulu ta zauna a gefe, Humaira kusa da ita, wai ta rako ta ne saboda ciwon gwiwa.

"'Yata," in ji Malam, "gwaggonki ta ce kin ƙi zaman bakwai."

"Ban ƙi zama ba, Malam. Wurin zaman ne muka saɓa."

"Kin san abin da mutane za su ce?"

"Sun riga sun ce. An taimaka musu da hoto."

Humaira ta sunkuyar da kai tana gyara safa.

"Malam, ka bar batun mutane," in ji Gwaggo. "Ƙanena ya ba ni yarinyar nan amana. In koma gida in ce me? An ɗaura aure, ta ɗauki jaka ta hau mota? Ba kai amarya, ba guɗa, ba wanda ya kama hannunta ya shigar da ita ɗaki? Kamar marar kowa?"

Wannan ya sami Hassumi a inda ba ta tsare ba.

Malam ya juya. "Kai fa, ango? Tun ɗazu kake kallon darduma."

Nafi'u ya yi gyaran murya sau biyu.

"Allah gafarta Malam, daga jiya zuwa yau na buɗe littafi goma sha ɗaya."

"Kana neman me?"

"Hujjar da zan hana ta."



"Ka samu?"

"Ban samu ba. Har na mazhabar da ba tamu ba na duba." Ya cire gilashin, ya mayar. "Da na rasa, sai na tambayi kaina me ya sa nake nema. Malam, ba dariyar ɗalibai ba ce. Tsoro nake ji. Ni ko a hawa na biyar ba na tsayawa a baranda. Na so a ce addini ne ya hana, don kada a ce ni ne."

Malam ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na motsi.

"Saboda haka," Nafi'u ya ci gaba, "matata ta tsara kwana uku, kwana uku za mu yi. Wanda ke da tambaya ya zo aji, ina nan ranar Alhamis."

"Ba ta zama matarka ba tukuna," in ji Humaira a hankali.

"Saura kwana biyu, malama. Ina gwada kalmar ne."

Hassumi ba ta kalle shi ba, don ta san in ta kalla za ta ba da kanta. Ta matsa ta durƙusa gaban Gwaggo.

"Ba da jaka zan tafi ba, Gwaggo. Ke za ki kai ni. Ɗaki ne, yana da ƙofa, yana da gado. Ki kama hannuna ki shigar da ni."

"A otal?"

"Hawa na shida."



"Kanki irin na ubanki ne," in ji Gwaggo. "Ƙarfe nawa suke ba da makulli?"

"Biyu na rana."

"Kai amarya da rana tsaka. Allah Ya nuna mana."

Haka aka yi. Ranar Lahadi mikrobas biyu suka tashi daga Hayyin Ashir cike da mata, da kulolin dambu, da kaskon turaren wuta da aka ƙwace a hannun Gwaggo tun a bakin ƙofar otal. Humaira ba ta zo ba, ta ce tana da jarrabawa. An rangaɗa guɗa a cikin lif, wani Bature ya fita a hawan da ba nasa ba.

Gwaggo ta shigar da amarya da ƙafar dama, ta zaunar da ita a bakin gado, ta yi nasiha mai tsawo. A tsakiyar nasihar ihu ya taso daga waje, mutum ashirin sun zubo daga sama a kan abin nan da Misirawa ke kira jirgin mutuwa. Gwaggo ta leƙa, ta ja labule da sauri.

"Nafi'u."

"Na'am, Gwaggo."

"Ga amana nan. Da na ce ka kula da ita, amma na ga kai ne abin tausayin." Ta share ido da gefen mayafi. "Hassumi, ki dawo min da shi da ransa."

Mata suka fita suna dariya. Ƙofa ta rufe.

Hassumi ta yaye lulluɓinta da kanta, ta je ta buɗe labulen gaba ɗaya. Rana na nan da sauranta. Ba mai jiranta a ko'ina.

Ya zo ya tsaya a bayanta, taku biyu nesa da gilashi.

"Amaryata... da wanne za mu fara? Na ga akwai wasu dawakai masu zagayawa a hankali."

"Na 'yan shekara biyar ne."

"Ba a rubuta ba."

Ta kama hannunsa, ta ɗaga shi, ta nuna da yatsansa can sama, inda jirgin ke hawa a hankali kafin ya saki kansa.

Nafi'u ya daɗe yana kallo. Bai janye hannun ba.

"Khalas, shi ke nan," ya ce. "Bari in sake alwala."