Hancin Ettore

Ranar da Fulvio, mai rubuta wa jaridar Torino ɗanɗanon giya, ya zo gonar inabin su Ornella a garin Barolo, ita ce ta zuba masa giyar. Ya juya tambulan, ya shinshina, ya kurɓa ya tofar, sannan ya yi rubutu a ɗan littafinsa.

"Karanta min," in ji ta.

"Ja ce mai duhu, da ƙamshin busasshen fure da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tana ɗaure harshe, a ba ta shekara biyar."

Ta yi dariya. "Haka kakata take faɗa, ita kuwa ba a biyanta."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Na manta ban tambayi sunan mai zubawa ba. In dawo?"

"Dawo, amma ka bar littafin a gida."

Da soyayya ta ƙullu tsakaninsu, mahaifinta Ettore bai so ba. "Mai cin abinci da kushe gumin mutane? Ga Saverio in aure kike so, gonarsu jikin tamu take."

Akwai abin da Ornella kaɗai ta sani: tun zazzaɓin bara hancin mahaifinta ya daina jin ƙamshi.

Ranar da masu sayen giya suka zo, Fulvio yana nan. Ettore ya ɗibo daga wata ganga da ta yi tsami, ya shinshina, ya soma yabonta. Ornella ta kalli Fulvio. Fulvio ya karɓi tambulan kafin ya kai ga baƙin.

"Baba yana gwada ni ne," ya ce yana murmushi. "Wannan ta lalace, ya sani. Mu je ta kusa da ita."

Bayan tafiyarsu Ornella ta rubuta wa Fulvio: "In ka buga wannan a jarida, kada ka sake nemana."

"Haba zuciyata. Mahaifinki ne fa."

Sati biyu jaridar na fitowa babu komai. A na uku Ettore ya kira Fulvio ɗakin gangunan, ya tambaye shi:

"Ka gane, ko?"

"Na gane, Baba."

"To ka zo ka tsaya kusa da ni. Hannuna ya san aikin, kai ka riƙa faɗa min abin da ka ji."

An ɗaura aure bayan girbin inabi, a ƙaramin cocin ƙauyen. Ettore ya haɗa hannayensu cikin nasa, ya yi musu addu'a.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ɗana, ka riƙe min ita da kyau."

Ornella ta kwantar da kai a kafaɗar mijinta, ta bar hawayen suka zubo.