Satar Kejin Sauro

Sufeto ya tsufa a bin sawun ɓarayi, amma bai taɓa jin an kawo ƙarar satar sauro ba. Sai da ya sa ɗalibar da ta kawo ƙarar ta maimaita.

"Sauro, yallaɓai. Keji guda," in ji ta, idonta jawur. Ajin ƙarshe take a sashen nazarin cututtuka na jami'a, 'yan ajinsu na kiranta Uwar Sauro. "Jibi zan gwada musu maganin feshi a gaban malamai. In babu su, babu digiri bana, kuma aikin da cibiyar bincike ta yi mini alkawari ya tafi ke nan."

"To ki kamo wasu mana. Gidana ma cike yake da su."

"Na gida ba a san asalinsu ba. Nawa har kakanninsu na sani."

Sufeto ya kalli Kofur, Kofur ya kalli silin.

Suka dunguma zuwa jami'ar. Ɗakin gwajin ga zafi ga laima, sai ka ce banɗaki. Ba a ɓalle ƙofa ba. Ga kwamfuta, ga madubin duba ƙwayoyin cuta mai tsada, duk ba a taɓa ba. Keji aka ɗauke, da kwalbar ruwan sukarin da sauron ke sha.

"Ɓarawo mai tausayi," in ji Kofur. "Har da guzurinsu ya tafi."

Mai kula da ɗakin ya rantse mabuɗi bai taɓa barin aljihunsa ba. Da Sufeto ya tsare shi da ido, sai ya tuna yakan ara wa wani ɗalibi, Dogo.

Kan Sufeto dai bai waye ba. Ya koma ga ɗalibar.

"Wai me mutum zai yi da sauro?"

"Ƙwai, yallaɓai. Amma matan ba sa yi sai sun sha jini. Hannu muke kanga musu a bakin keji."

"Hannunku? Da gangan?"

"Haka na yi wa iyayensu."

Sufeto ya yi salati a ransa.

Aka kira Dogo. Ya shigo da riga mai dogon hannu, a wannan zafin.

"Ni ba ruwana da sauro, ranka ya daɗe. Tun da nawa suka mutu na haƙura."

"Naɗe hannun rigarka."

Ga cizo sabo fil, ya yi da'ira daidai faɗin bakin keji.

"Na ɗakin kwananmu ne," in ji Dogo.

"Sauron ɗakinku da ma'auni suke cizo?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Da mantuwa na shafa man korar sauro a hannuna, nawa suka ƙi ci har suka ƙare. Babana kuwa ya gama gaya wa dangi ɗansa zai fito bana. Ƙwai kawai nake so su yi mini, in mayar mata. Suna ƙarƙashin gadona, lafiyarsu ƙalau."

Sufeto ya saki ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi, 'yata. Kayanki sun fito."

Ita ko motsi ba ta yi ba. "Duka ka ba su jini, Dogo?"

"Duka. Sun ƙoshi."

Ta sulale ta zauna a ƙasa. "Da waɗanda ba su taɓa shan jini ba ake gwajin. Aji ɗaya aka koya mana."

Kofur ya tasa Dogo gaba suka fita. Sufeto ya tsaya da hula a hannu, tausayinta ya kama shi.