Sunan da Shafin Ya Ƙi Fitarwa

Ina da wani hali da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba. Da na sallame sallar la'asar sai na sha shayi, kuma duk abin da na tarar a jikin piriz, wato soket ɗin wuta, sai na zare shi in sa butata ta lantarki. Na zare fanka, na zare salular baƙo. Ban san akwai ranar da wannan halin zai shiga rayuwar mutane ba.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka toshe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil, garinmu Gaya ya koma bin ruwa. Mai albasa, mai jinya, ɗan makaranta, kowa sai kwalekwale. Ƙungiyar masu jirgi ta ga abin ya yi yawa, ta ce a riƙa rubuta sunan duk wanda ya shiga. A bakin ruwa a rubuta a kaye, wato littafin rubutu, a kawo biro, ofishinmu ke nan, a shigar a ordinatar, wato kwamfuta, dangi su nemi sunan nasu a shafin intanet. Ni Ɗan'azumi aka ba riƙon biron, don an san ba ni da wani wurin zuwa.

Wanda ya gina shafin ya tafi Kwatano ya bar mu da shi. Sarbar ɗin da ke riƙe da shafin, wadda ake ta faɗa da girma, wata tsohuwar ordinatar ce a ƙarƙashin teburina. Wuta ta yi wuya a lokacin, batirin hasken rana muke lallaɓawa, piriz ɗaya tak ke aiki. Da shafin ya fara gardama, ƙungiya ta ɗauko Zakariya'u, saurayi siriri da ya gama karatun na'ura a Yamai ya dawo gida yana jiran aikin da bai zo ba.

Kwanansa uku da farawa Bibata ta shigo.

Daga ƙauyen Bana ta zo, ƙurar hanya a gefen hijabinta, salula a hannu. Ta gaishe ni, ta dafa teburin, ta ce wanta take nema, Hama Na'Allah. Wata biyu ke nan da ya fita da buhun shinkafa biyu bayan sun yi faɗa da mahaifinsu, ya ce in ya tafi ba za a sake ganinsa ba. A makon ne wani jirgi ya kife, ba a samu gawar kowa da kowa ba. Ba su sani ba ko yana ciki, ko yana can kudu yana fushi. Kullum tana rubuta sunansa a shafin, shafin ya fito fari fat.

Na ce mata rezo ne, wato layin intanet ne ba shi da ƙarfi. Abin da nake gaya wa kowa ke nan.

Zakariya'u ya ɗago daga bayan na'ura ya ce ba rezo ba ne. Ya karɓi salular ya duba, ya ce umarnin PHP da ke yin neman ne ke ƙoƙarin ɗaukar sunaye dubu ashirin a tashi ɗaya, sai numfashinsa ya ƙare ya faɗi, ya bar farin shafi ko ya ce Erreur 500. Ya ce kamar a ce wa jaki ya ɗauki rumbu ne. Bibata ba ta yi dariya ba, amma ta zauna.

Ya yi kusan awa guda yana rubutu, ya koya wa umarnin ɗauka kaɗan-kaɗan. Ni na lura rabin lokacin ba allon yake kallo ba. Da ya gama ya ce ta gwada. Ta rubuta sunan. Wannan karon shafin ya yi magana: Aucun résultat, wato babu sakamako.

Ta daɗe tana kallon kalmomin, sannan ta ce a hankali, "Ke nan bai shiga ba."

Zakariya'u ya ce zai ƙara bincikawa, ta bar masa lambarta. Na yi shekara hamsin da uku a duniya, ban taɓa ganin an karɓi lambar yarinya da hujja mai kyau haka ba.

Daga nan saƙonni suka fara. Ni ya riƙa karanta wa kafin ya aika, wai ina da gogewa. Gogewata ita ce aure biyu da suka mutu.

"Bibata, kin isa gida lafiya? Na manta ban tambaye ki ko kin ci abinci ba. Shafin yana gaishe ki."

Ta amsa: "Na isa, Malam Babu-Sakamako. Ka ce wa shafin ina amsawa. Ya ci gaba da rashin ganin Hama, ni ya yi mini."

Sunan ya bi shi. Shi kuma yana kiranta Bibi. Duk ranar kasuwa sai ta biyo da fura a ƙwarya, ta ce tawa ce, ni Kawu, sannan ta ajiye ta a gefen Zakariya'u. Sukan zauna a bencin ƙofa suna kallon kamiyoyin dakon kaya da suka yi watanni a tsaye har tsuntsaye suka yi sheƙa a ƙarƙashinsu. Tana ba shi labarin Hama, yadda yake waƙa da mugunyar murya in yana dashen shinkafa, yadda ya koya mata keke ya sake ta cikin kwata.

Wata rana na ji ya ce mata, "Bibi, in na zo Bana, wace ƙofa zan tsaya?"

Ta ce, "Wadda aka kore ka daga gare ta. Ka tsaya nan, zan aiko maka da ruwa."

Haka kuwa aka yi. Ni na raka shi. Mahaifinta Malam Na'Allah ya karɓe mu a zaure, ya saurare mu har ƙarshe, ya tambayi sana'ar yaron. Da aka yi masa bayani ya ce shi bai san aikin da mutum zai wuni yana yi rigarsa ba ta jiƙe ba. Amma ba wannan ce maganar ba. Ya ce ba za a ɗaura aure a gidansa ba sai ɗansa ya dawo ya zauna a kan tabarma. Bai san gidan nan na biki ne ko na makoki ba, kuma ba zai yi ɗaya a kan ɗaya ba.

Akwai kuma Alassan, direban kamiyo, mai faɗin kafaɗa da faɗin baki. Shi ma yana son Bibata, kuma ya fi mu sanin abin da ake kai wa tsoho. Duk zuwa sai ya zo da labari: an ga mai kama da Hama a tashar Paraku, wani ya ji muryarsa a Kandi. Malam Na'Allah kan sa a shimfiɗa masa tabarma mai kyau. Ban ce Alassan maƙaryaci ba ne. Mutum ne da in ya faɗi abu sau biyu sai ya tuna ya gani.

A kwanakin ne Zakariya'u ya daina cin furar.

Mutane sun yi ta ƙorafi cewa wanda ya ƙetara jiya ma shafin ba ya ganinsa. Ya zauna ya buɗe littafin kurakuran da na'urar ke rubuta wa kanta, ya bi shi layi-layi. Sannan ya kira ni ya yi mini bayani kamar mai yi wa yaro. Sunayen suna cikin rumbun na'urar, in ji shi, amma shafin ba ya shiga rumbun. Wani jeri yake dubawa, wanda na'urar ke sake ginawa kullum ƙarfe huɗu da kwata. Da sunayen ba su da yawa, tana gamawa cikin minti biyar. Yanzu tana bukatar ashirin. Kuma kullum, ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar, sai ta mutu a tsakiyar aiki. Duk sunan da aka shigar tun watan Oktoba bai taɓa isa jerin ba.

Ya dubi agogo, ya dubi butata. Ni ma na dube ta, kamar yau na fara ganinta.

Na ce to a sauya lokacin, ko in koma dafawa da gawayi. Ya juyo mini da allon. Ya shiga rumbun da kansa, ba ta shafin ba. Hama Na'Allah, Bana, buhu biyu. Ranar da jirgin ya kife, jirgin da ya kife.

Na ajiye kofin shayin.

"Kawu," ya ce, "ka ci gaba da shan shayinka yadda ka saba."

Na ce masa wannan ba gyara ba ne. Ya ce ya sani. Kwana biyu kawai yake so ya samu bakin da zai faɗa mata. Kwana biyun suka zama sati biyar. Ni kuwa kullum sai in zare wayar in sa buta, kuma karo na farko a rayuwata ina yin abin da aka sa ni.

Bibata ta ga canjin. Ta ɗauka maganar babanta ce ta sanyaya masa gwiwa, ko ya samu wata a Gaya. Ta rubuto:

"Malam Babu-Sakamako, in ka gaji ka faɗa. Na saba da mutum ya tafi bai yi sallama ba, amma ban so in saba sau biyu."

Ya rubuta amsa ya goge har sau huɗu. Abin da ya tafi shi ne: "Ban gaji ba, Bibi. Wallahi ban gaji ba."

Sai azumi ya kama.

Babu wanda ya yi tunaninsa cikinmu. Ranar ɗaya ga wata na yi la'asar na dawo na kishingiɗa a benci da bushasshen baki, butata tana kife a kan taga. Na'urar ta samu minti ashirin ɗinta, karo na farko cikin wata biyar, ta gama aikinta tsaf. A Bana kuma Bibata tana jiran a sha ruwa, ta ɗauki salula ta rubuta sunan da take rubutawa kullum don ta ga an ce babu.

Saƙonta ya shigo ana saura kaɗan a kira magariba.

"Ya fito."

Bayan minti ɗaya wani ya biyo: "Tun yaushe ka sani?"

Ya gaya mata gaskiya. Ba ta sake rubutowa ba. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ranar nan da dabino ɗaya ya yi buɗa-baki, shi ma don na tsaya a kansa.

A gidan Malam Na'Allah an ƙi yarda. Alassan ya ce na'urar da ta yi watanni tana cewa babu, don me za a gaskata ta ranar da ta ce akwai. Tsohon ya riƙe wannan maganar da hannu biyu. Mahaifiyarsu Barira ta daina fita tsakar gida. Bibata ce kaɗai ta sani, kuma ba ta da wanda za ta yi kuka tare da shi.

Kwana shida Zakariya'u yana zaune gaban rumbun. Ya mai da ginin jerin zuwa hantsi, ya sa na'urar ta riƙa yin ƙara in aikin ya yanke. Ana nan ya lura da wani abu. Shafin suna da rana da jirgi kawai yake nunawa, amma a bakin ruwa ana tambayar kowa yaushe zai dawo, kuma amsar tana cikin rumbun, ba a dai taɓa fito da ita ba. Ya buga layin a takarda ya ce in tashi mu tafi Bana.

A zauren ya durƙusa, bai jira an tambaye shi ba. Ya ce ya sani tun sati biyar kafin azumi, ya ɓoye, kuma ba shi da hujja sai tsoro. Sannan ya miƙa takardar. Malam Na'Allah ya ce ba ya karatun boko. Daga bayan labule muryar Bibata ta ce a ba ta.

Ta karanta sunan, da buhu biyu, da ranar. Ta tsaya. Sannan ta karanta na ƙarshen.

"Dawowa: yau da yamma."

Tsohon ya ce ta sake. Ta sake. Ya sunkuyar da kai ya daɗe, yana shafa tabarmar da tafin hannu.

"Ashe ba tafiya ya yi ba," ya ce. "Kasuwa ya je."

A nan ya yi kukan da ya riƙe wata huɗu. Na fita waje na tsaya ina kallon akuya, don ban iya komai ba a irin wannan wurin.

Aka yi wa Hama addu'a, aka yi sadaka. Alassan ya zo ya yi gaisuwa, ya ce dama shi bai ce tabbas ba. Bibata ta yi sati uku ba ta ce wa Zakariya'u uffan ba. Ana jibi salla saƙo ya shigo:

"Ka cuce ni sati biyar. Amma sati biyar ɗin nan ina da ɗan'uwa. Ban san ko in gode maka ko in tsine maka ba. Baba ya ce ka turo manyanka. Kada ka sake ɓoye mini komai, ko mutuwata ce."

Ya amsa: "Ba zan sake ba, Bibi. Allah ya ji ƙan Hama."

An ɗaura auren a Bana sati uku bayan salla, ba kiɗa, ba guɗa. Malam Na'Allah ya sa aka shimfiɗa tabarma ɗaya a gefensa, ba wanda ya zauna a kai. Da aka shafa fatiha ya kama hannun Zakariya'u ya ce har yanzu bai gane sana'arsa ba, amma Allah ya sa mata albarka, ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin magana fiye da tasa. Muka ce amin. Da za a tafi da amarya Barira ta rungume ta, suka yi kuka iri biyu a haɗe.

Ni ma an ce in yi addu'a, na yi, an ce ta yi kyau.

Bayan sati ɗaya ina sharar biro na ɗaga teburina. Ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, tun bara na tokare ta da wani tsohon kaye. Na bakin ruwa ne, na watan Nuwamba. Sunan Hama yana shafi na huɗu da jan alƙalami, har da yau da yamma ɗin. Teburin da Bibata ta dafa ke nan ranar da ta fara zuwa.