Garin Kifi a Kunun Isa

Kulu na zaune a ƙofar ɗakinta da Isa a cinya, tana ɗiga masa kunun gero da ɗan ludayi, shi kuwa yana turo shi waje da harshe. Watansa bakwai, amma in ka ɗaga shi sai ka rantse bai wuce huɗu ba. A shekarar da naira ta fito ne, damina ta ƙi, kogin Haɗeja ya koma rairayi, nonon Kulu ma ya bi sahu ya ƙafe.

Auren soyayya suka yi da Bakari. A kasuwar Auyo ya fara ganinta tana jiran tiren kifin babanta, ya yi wata uku yana sayen kifin da ba ya ci, yana rabar wa mutane a hanya. Uwarsa, Inna Safara'u, bafulatana ce ta ji da kai. Ta yarda da auren don ɗanta ya daina cin abinci, amma ta kafa sharaɗi: ƙarnin kifi ba zai shigo gidanta ba, ita kuma ƙafarta ba za ta taka gidan masunta ba. Jikokinta madara za su sha, kamar iyayensu da kakanninsu. To, ina madarar? Shanu goma sha ɗaya fari ya kwashe, saura wata tsohuwar saniya da sai an tallafe ta take miƙewa.

Wata ranar Laraba Auta, mahaifin Kulu, ya aiko mata da ƙullin busasshiyar tarwaɗa daga ɗan tafkin da ya rage musu. Ta tuna yadda uwarta ta raini ƙannenta. Ta jira Inna ta tafi barka, ta zare ƙayoyin tsaf, ta daka, ta tankaɗe da rariya, ta barbaɗa a kunu. Ta lakato da yatsa ta shafa masa a leɓe. Isa ya yamutsa fuska, ya lasa, sai ya cafke yatsar da dasashi ya ƙi saki. Kulu ta yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka.

Kwana tara tana yi a ɓoye, da sanin Bakari. Kumatun yaro suka fara tasowa, har yana bubbuga ƙwarya in ya hango ta. Turmi ne ya tona asiri. Inna ta zo dakan barkono, ta sunkuya, ƙarnin kifi ya buge ta, ta ɗago a hankali.

"Kulu, me kika daka a turmina?"

"Kifi ne, Inna. Shi kaɗai yake karɓa."

"Wato jikana kike so ki mayar masunci? Bakari, zo nan! Ko ni ko ita, yau ɗin nan."

Bakari ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya roƙa har muryarsa ta dushe. Inna ta dafa ƙirjinta ta ce in bai sallame ta ba, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Ina jin haushin Bakari a nan, amma ban san ɗan da zai ji wannan magana ya iya tsallake ta ba. Ya rubuta saki ɗaya. Inna ta kwance yaron daga bayan uwarsa, ta ce an yaye shi ke nan.

Isa ɗan fari ne, kuma a al'ada uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban surukai. Don haka Kulu ba ta yi kururuwa ba. Da za ta tafi gidan babanta, a zaure ta miƙa wa Bakari ragowar garin a ƙulle, ta ce, "Da yatsa ake ba shi. Kada a yi masa ɗura."

Ɗurar kuwa aka yi. Inna ta kwantar da shi a cinya, ta toshe masa hanci, ta kwarara tsararon kunu ta tafin hannu, yadda aka yi wa kowa a gidansu. Ya ƙware, ya amayar, zawo ya biyo baya. Bakari ya gwada garin a ɓoye sau biyu, yaro ya kau da kai, don ba yatsar da ya sani ba ce. Aka kawo rubutu, aka kawo saiwoyi. Kwana goma sha biyu, maɗigarsa ta faɗa, kukan ma ya daina fita.

Da hantsin rana ta sha uku Inna ta goya shi da kanta, ta ce wa Bakari ya nemo musu motar Auyo. Ta shiga gidan da ta rantse ba za ta taka ba, ta ratsa ta tsakanin komaye da gorunan kamun kifi, ta sauke yaron a gaban Kulu.

Kulu ta dama kunu, ta barbaɗa garin, ta lakato. A gaban uwar mijinta da kowa ta kira shi.

"Isa, ni ce. Buɗe baki, Isana."

Ya buɗe ido, ya kama yatsar. Sau uku ya haɗiya, aka yi ta hamdala. Amma jikin ya riga ya yi nisa. Washegari bayan azahar Allah ya karɓi abinsa, yatsar uwarsa na cikin hannunsa.

Kafin idda ta cika Bakari ya mai da matarsa. Kulu ta koma, ba ta taɓa ɗaga wa tsohuwar murya ba, ba ta taɓa tuna mata ba, sai dai dariyar nan tata ba ta dawo ba. Bayan shekara biyu ta haifi Ramatu. Ranar da yarinya ta cika wata shida, Kulu ta ji daka a tsakar gida, ta leƙo. Inna ce tsaye a kan turminta, ga ƙayoyin tarwaɗa ta zare ta tara a faifai, tana daka hawaye na bin fuskarta.

"Zo ki duba," in ji ta, "ya yi laushi, ko in ƙara? Ni ban iya ba."

Kulu ta murza garin da yatsa, ta ce a ƙara kaɗan.

Iyaye, cikin jariri bai san asali ba, yunwa kawai ya sani. Haƙurin Kulu ya mayar mata da gidanta da mijinta, amma bai mayar mata da Isa ba.